Ba a Tare Dokin da Ya Nufi Gida

Kwana biyu cur Yondon ya ɓata yana neman ɓarayi.

Da safen da ya hau tudun da dawakinsa suka saba kiwo bai gan su ba, ransa bai kawo masa komai ba sai sata. Baƙo ne a ƙasar Hangai mai duwatsu, watansa uku da zuwa gudun fari, kuma mu mutanen Gobi tun muna goye ake raɗa mana cewa mutumin dutse yana da ɗan hali. Sai ya karkata arewa, kwari bayan kwari, yana shan shayin mutane yana satar kallon garkensu. Dawaki arba'in da shida ba allura ba ne, amma ko kofato bai gani ba.

Ran kwana na biyu da yamma Gombo, wanda ya ba shi wurin kafa ger, tantin zaman makiyaya, a gefen nasa, ya ja shi zuwa mashayar kudu, inda babu wanda ya yi tunanin dubawa.

"Sauko ka gani da idonka," in ji Gombo. "Ɓarawon nan naka ƙafa huɗu gare shi."

Sawu ne a taɓon bakin rafi, har ya bushe. Ba a warwatse yake ba irin na dabbar da ke kiwo, a jere yake, ya miƙe kudu sak. A gaba akwai wani faffaɗan kofato mai tsaguwa a gefe, wanda Yondon zai gane ko da laluben hannu. Na Akawal ne, baƙin ingarman garken, mai shekara goma sha tara, wanda mahaifinsa ya bar masa.

"Gida ya tafi!" Gombo ya buga cinya yana dariya. "Ka yi ta hararar dangina a banza. Kai, wannan doki da zuciya yake. Da nawa ne da na yanka tunkiya don murna." Ya juyo ya ga fuskar Yondon, sai ya daina dariyar.

Gidan da ake magana shi ne Jar Rijiya, tafiyar kwana tara a kan doki mai lafiya. Damina biyu a jere sama ba ta zubar da ko ɗigo a can ba. Kowa ya tashi, ba a bar ko kare ba. Ranar da za su tashi, Yondon da surukinsa suka jera katakai a bakin rijiyar, suka ɗora falalen dutse a kai don kada yashi ya cike ta, kamar yadda duk ɗan gidan kirki yake yi. Ruwan ƙarshe da dabba za ta sha ba da taimakon mutum ba yana Idon Gishiri, kwana huɗu kafin a kai gida. Daga nan kuwa, in babu mai jan guga, babu ruwa.

Matarsa Handmaa ba ta yi kuka ba. Ta hau cusa busasshen nama da busasshen cuku a jaka kamar da su take faɗa.

"Tun ranar da iskar arewa ta fara na ga yana tsayawa yana shinshina kudu. Na ce maka, maigida, ka sa masa dabaibayi."

"Ingarma? In ɗaure ƙafar ingarma kamar jaki, a gaban mutanen Hangai?"

"To madalla. Ga shi nan mutanen Hangai sun ga girmanka."

 Da nonon goɗiyoyin nan suke ci, da shi 'ya'yansu mata biyu suke zaune a makarantar kwana ta gunduma. Tumakin da suka rage musu ba su kai a kira su garke ba. Babur ɗin Gombo na jingine bayan ger tun bazara, tankinsa a bushe, don shekarar nan ko shugaban gunduma a doki yake yawo. Gombo ya ara masa doki ɗaya, ya haɗa da nasa gunyan da ke ɗaure a turke. Da gari ya waye ya kama hanya, garken na gabansa da kwana uku.

Lissafinsa bai yi muni ba. Garke mai duƙusai ba ya sauri, dole ya tsaya kiwo. Sannan tsakanin Hangai da bakin hamada ƙasa ce mai mutane, kuma ko wane makiyayi ya ga dabbar da ba ta da mai bi, zai duba tambarin da ke cinyarta, ya juya ta cikin nasa garken har mai ita ya zo. Haka ake yi tun kaka da kakanni. Da wannan ya riƙa lallashin zuciyarsa yana sukuwa, yana sauya doki in ɗaya ya jiƙe da gumi.

Ran kwana na biyu da hantsi ya isa wani ger da ke gindin tudu shi kaɗai.

"A kama kare!" ya yi kira daga kan doki, kamar yadda baƙo yake sallama a can.

"Karen ya riga mijina mutuwa, shigo abinka," in ji wata murya daga ciki.

Tsohuwa ce, sunanta Pagma, haƙoranta uku a baki. Ta zaunar da shi, ta zuba masa shayin madara mai gishiri, aka shiga gaisuwa. Lafiyar hanya, lafiyar tumaki, ko dabbobi sun yi ƙiba bana, ko kaka ta zo da sauƙi. Sauri yake yi, amma ba a tsallake gaisuwa ko da gemun mutum na cin wuta. Sai da ya shanye rabin kwano sannan ya tambaya.

"Inna, ko kin ga garken dawaki sun wuce? Baƙin ingarma ne a gaba, gezarsa har gwiwa."

Tsohuwa ta ajiye ludayi ta dafe ƙirji. "Naka ne? Kai, ɗana, uwarka ta haifi mai sa'a! Shekaranjiya suka wuce, daidai wannan lokaci. Ina tatsa na ji ƙasa tana amsawa. Na ɗaga kai, sai ga shi tafe, kai a sama, ko ciyawa ba ya kallo, matansa na biye da shi. Na ruga na ɗebo madara na yayyafa a bayansu har sau tara. Rabona da ganin dokin da ya nufi gida tun ina amarya."

"Ba wanda ya tare su?"

"Tare su?" Ta dube shi kamar ya ce zai tofa yawu a murhu. "Mijin 'yata ya hau doki da sandar zarge zai juyo da su, ya ɗauka ɓatattu ne. Da ya matso ya ga irin tafiyar, sai ya sauka ya cire hularsa. Ai mu ma muna da tarbiyya a nan, ɗana. Ba ku kaɗai ba."

A nan ne tsoro ya fara kama Yondon sosai. Abin da ya manta ke nan a lissafinsa, ko kuwa ya ƙi tunawa. Ɓatacciyar dabba ake tarewa. Dokin da kewar ƙasarsa ta taso shi kuwa, ba a kama shi, ba a juya shi, ba a ko gitta masa. In ya zo ta cikin garkenka, kai za ka kawar da naka. Ya yi wa tsohuwa godiya, ta cusa masa cuku a ƙirjin riga tana sa masa albarka, ya fita.

Kwana biyu na gaba duk labarin ɗaya ne. Duk inda ya tsaya an gan su, kuma duk wanda ya gan su sai ya taya shi murna. Wani ya ce ya kira 'ya'yansa su fito su kalla don su ba jikokinsu labari. Wani ya nemi ya sayar masa da duƙushi ɗaya daga jinin wannan ingarma. Yondon ya daina sauka daga doki, daga sama yake tambaya ya wuce, aka riƙa cewa mutumin Gobin nan ba shi da ladabi. Duwatsu suka yi ta raguwa, ciyawa ta gajarce ta koma tsilli-tsilli, sama ta yi faɗi.

Ran kwana na huɗu ya kai mashigin ƙarshe kafin hamada. Akwai ger biyu a wurin da wani babban shingen duwatsu na tumaki. Tun daga nesa ya ga ƙasar cikin shingen a tumurmushe, ga kashin dawaki ko'ina, ƙofar kuma a buɗe. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai kimanin shekara arba'in ya fito ya kama masa linzami, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Kai ne mai tambarin wata da ɗigo biyu?"

"Ni ne."

"Ni Damdin. Yaya, na riƙe maka su. Na rantse da wutar gidana na riƙe su. Ni da matata muka sha wuya muka kora su cikin shingen nan, don na ga tambarin Gobi ne, na kuma san abin da ke can. Tun safe har rana ta karkata suna ciki."

"Suna ina?"

Damdin ya nuna babban ger da haɓa. "Tsoho ya dawo daga ziyara."

Tsohon, Lubsan, yana zaune a ƙuryar ger, wurin manya, yana jan carbinsa. Ya miƙo kwalbar asara, tabar shaƙa. Yondon ya karɓa da hannun dama, ya kai hanci, ya mayar.

"Baba, kai ka buɗe musu?"

"Ni na buɗe, da hannun nan. Jiya." Muryarsa a kwance take. "Na tarar da baƙin yana dukan dutse da ƙirji har ya fashe fata. Na ce wa wannan sakaran, tun da na haife ka ban taɓa jin kunyarka ba sai yau."

"Da ka bar su kwana ɗaya tak, da yanzu ina kora su arewa."

"Ubana ya taɓa tare wani, fari, a shekarar da muke kira ta Zomo. Ya yi kwaɗayin kyansa. Kafin ciyawa ta sake fitowa ya binne 'ya'ya biyu. Dokin da ya nufi gida ba shi da ubangiji, ɗana, ƙasarsa ce ta kira shi. Ni wane ne?"

"Baba, babu ruwa a can. Babu kowa. Ni na rufe rijiyar da kaina."

"Doki ya fi mu sanin inda ruwa yake."

"Ya san inda rijiya take!" Yondon bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba, a gidan mutane, a gaban dattijo. "Ya iya jan guga ne? Ka taɓa ganin doki ya ɗaga dutse?"

 Matar Damdin ta tsaya da butar shayi a hannu. Carbin tsoho ya daina motsi, ya daɗe yana kallon murhu, kuma a fuskarsa an ga maganar ta shige shi. Amma da ya ɗago, tambaya ya yi.

"Kai fa? A ce na wani ne ya biyo ta ƙofarka, kansa a sama haka. Za ka tare?"

Sai Yondon ya tuna. Shekara shida da suka wuce wani hurde ya ratsa ta Jar Rijiya shi kaɗai, da guntun ragama a wuya, haƙarƙarinsa duk a waje. Yondon ya ja masa ruwa ya cika kwami, ya ja da baya ya cire hula har dokin ya sha ya wuce. Bai tambayi inda za shi ba, bai tambayi ko akwai mai kuka a bayansa ba. Ya yi wata guda yana ba da labarin da alfahari. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haushin da ya shigo da shi ya rasa inda zai sauka, sai ya koma masa ciki, kuma a can ya fi ciwo.

Damdin ya karɓi gajiyayyun dawakinsa biyu ya ba shi nasa mafi kyau guda biyu, ya ƙara masa salkar ruwa. Yana ɗaure masa sirdi yana magana ƙasa-ƙasa.

"Da na sani da na ce masa nawa ne na sayo. Ban iya yi masa ƙarya ba, Yaya, matsalata ke nan."

"Bari kawai. Kwana ɗaya ne tsakaninmu. Zan cim musu a Idon Gishiri."

Saura ƙiris ya cim musu. Washegari da rana tsaka ya isa idon ruwan, ya tarar da taɓon gefensa a tattake, ya fasa kashin doki da yatsa ya ji cikinsa da sauran danshi. Ya hau wani tsauni ya sa madubin hangen nesa, can ƙarshen ƙasa ya ga wata 'yar ƙura siririya. Ya yi ihu shi kaɗai kamar mahaukaci. Ya shayar da dawakinsa, ya cika salkuna, ya bi ƙurar nan har rana ta faɗi.

Da safe sararin arewa ya yi ja, sannan ya yi baƙi. Duk ɗan Gobi ya san wannan launi. Ya samu ya kai gindin wasu duwatsu kafin iskar ta iso, ya ɗaure dawakin a ƙugunsa, ya lulluɓe kai da riga. Tsakuwa ta riƙa dukan bayansa, mutum ba ya ganin hannunsa in ya miƙa. Kwana biyu iskar nan ta yi tana abu ɗaya. Yana tsugune yana cin cuku mai yashi, ya san sarai abin da ke faruwa a gaba: iska na bayan garken, doki kuwa in iska ta bugi wutsiyarsa ba ya tsayawa, tura shi take ƙara yi. A rana ta biyu ɗaya dokin Damdin ya tsinke igiya ya ɓace. Da iskar ta kwanta, babu sawu ko ɗaya a doron ƙasa. Bai ma buƙaci sawu ba, ya san inda za su.

Duƙushin farko ya gani washegari da hantsi, a kwance a gefen wani busasshen kwari, yashi ya rufe rabinsa. Uwar na tsaye a kansa. Wata jar goɗiya ce mai yawan nono, wadda Handmaa ke kira Marowaciya don ba ta sakin nono sai an yi mata waƙa. Idanunta sun faɗa, cikinta ya manne da baya. Ya zuba mata ruwa a hularsa, ta shanye, ya ƙara, ta shanye. Ya sa mata igiya ya ja, ta kafe. Ya zagaya ya tura, ya daka mata tsawa, ya zage ta da zagin da bai taɓa yi wa dabba ba. Ta tako taku uku ta koma kan ɗanta. Ruwan da ya rage ba zai ishe su su uku ba, kuma arba'in da huɗu na gaba. Ya cire igiyarsa ya hau, bai waiwaya ba.

Daga nan ya daina ƙirga duƙusai. Ana ganinsu daga nesa, baƙin abu a kan farar tsakuwa, kuma duk wanda ya wuce ya san uwarsa da kakarsa.

Kwana ɗaya kafin gida akwai rijiyar maƙwabcinsa, shi ma ya tashi tun bazara ya rufe tasa da kyau. Iska ba ta share wurin duka ba. Ƙasar da ke kewaye da murfin ta zama gari don tattaka, katakon gefe duk sawun haƙori. Sun tsaya a nan suna jin ƙanshin ruwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Goɗiyoyi uku ba su bar wurin ba, gawarsu na nan kwance. Yondon ya ture murfin, ya ja ruwa ya ba dokinsa, ya sha, ya cika kwamin har baki ko wata za ta waiwayo. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya tafi ya bar rijiyar mutum a buɗe.

A wannan rana ta ƙarshe ya yanke shawara a kan Akawal. Ya shafa wuƙar da ke ɗamararsa ya ce in ya same shi da rai, shi zai kashe shi da hannunsa, mutane su faɗi abin da za su faɗa. A al'ada ƙyallen alharini shuɗi ake ɗaura wa irin wannan doki a wuya, a bar shi ya mutu don kansa, a kai ƙoƙon kansa bisa tsauni. To shi ba zai ɗaura ba. Wannan tunani ne ya riƙe shi a kan sirdi, don mutumin da ya gaji haka sai da abin ƙi yake iya tafiya.

Ungulaye ya fara gani, manya baƙaƙe, suna kewaya sama a daidai inda hayaƙin gidansa ya saba tashi. Ya hau tudun ƙarshe rana na tsakiya. Ga da'irar da ger ɗinsu ya bari a ƙasa, ga turakun da yake ɗaure duƙusai lokacin tatsa, ga rijiya.

Suna nan kewaye da ita. Sun zo wurin da aka saba shayar da su, sun jeru a bakin kwami kamar kullum, suna jiran mai guga. A nan suka yi ta jira har suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, kawunansu duk na fuskantar dutsen. Falalen ya yi fari da karcen kofato, gefensa da busasshen jini. Guda biyar ne a tsaye, suna layi. Na shida, can gefe, baƙi ne.

Bai yi ihu ba, bai kuma yi kuka ba a lokacin. Dutsen da mutum biyu suka ɗora ba ya ɗaguwa da mutum ɗaya, sai ya zarga masa igiya ya ɗaura a sirdin dokin Damdin, ya yi ta bugun dokin har dutsen ya ja gefe. Ya yaye katakai, farcensa biyu suka tafi bai ji ba. Gugansa na nan rataye a ciki inda ya bar shi. Ya zura, ya ji ƙarar ruwa a ƙasa, mai yawa, mai sanyi, ko kamu ɗaya bai ragu ba.

Da guga na farko ya zuba a kwami, biyar ɗin suka taho suna tuntuɓe da gawarwakin 'yan'uwansu. Dole ya tsaya da bulala yana korarsu bayan kowane 'yan kurɓi, don dabbar da ta daɗe da ƙishi in ta sha da yawa a tashi ɗaya cikinta ke murɗewa. Yana dukan dabbobin da ya yi kwana goma sha ɗaya yana bi don ya ba su ruwa. Ɗaya ta faɗi a bakin kwamin da ruwa a leɓenta, ba ta sake tashi ba.

Sai da huɗun suka lafa ya juya wajen Akawal, hannunsa a kan wuƙa.

Ingarman ya rame har ƙashin ƙugunsa na neman huda fata, ƙirjinsa ya kumbura inda ya fashe, gezarsa cike da yashi. Ya ji ƙarar ruwa, ya ɗaga kai, ya yi wata 'yar haniniya da ba ta fita sosai ba. Ya tako yana rangaji. Amma bai nufi kwami ba. Ya sunkuyar da kai ƙasa, ya kwantar da kunnuwa, irin yadda ingarma ke yi in zai kora iyalinsa mashaya, ya nufi goɗiyar da ta fi kusa da shi a kwance. Ya ture ta da hanci. Ya ɗan cije ta a cinya. Ya jira. Ya wuce wajen ta gaba.

Shekara goma sha biyar Yondon yana shayar da wannan garke, bai taɓa ganin Akawal ya sa baki a ruwa ba sai goɗiya ta ƙarshe ta sha ta ɗaga kai. Yakan tsaya a baya ne yana gadi, yana tattaro masu nawa.

Hannun Yondon ya sauka daga kan wuƙar. Ya cika hularsa da ruwa ya bi dokin cikin gawarwaki, ya kai masa har baki. Akawal ya kawar da kai, ya zagaye shi kamar an gitta masa itace, ya tafi wajen wata tsohuwar goɗiya kili da suka tsufa tare. Ya ture ta, ya sake turewa, ya sa kofato ya taɓa wuyanta.

"Sha mana," in ji Yondon. Muryarsa ta fashe. "Sha, tsoho. Ba za su tashi ba."

Ya sake kai masa hular, ruwan na zuba ta ɗinki, dokin ya sake kawar da kai. A nan kukan ya zo masa, irin na babban mutum, mai fita da ƙyar kamar ana tsaga itace. Ba dabbobinsa kaɗai yake wa kuka ba. Ya ga shi da dokin nan duk abu ɗaya suka yi, kowannensu ya bi abin da ya gada sau da ƙafa, ga kuma inda ya kai su.

Ya koma bakin rijiya don bai san wani abin yi ba. Ya ja guga ya zuba, ya ja ya zuba. Kwami ya cika ya tumbatsa, ruwa ya gangara cikin tsakuwa ya bi ƙarƙashin waɗanda ke kwance. Akawal ya gama zagaye ɗaya, ya tsaya yana haki, ƙafafunsa na gaba na karkarwa, ya dubi kwamin da babu kowa a bakinsa. Sai ya sunkuyar da kai ya koma kan goɗiya ta farko.